Magajiya a Bukkokin Masu Agana

Duk wanda ya zauna a Doka cikin shekarun nan na kafin mulkin kai ya san Magajiya mai ƙosai, ko da bai san sunanta ba. A gindin wani mangwaro take zama, bakin hanyar da ta nufi Babbar Kasuwa, da kaskonta da tukunyar koko. Masinjoji da leburorin ofis su ne masu cinikinta. Doguwa ce marar jiki, fuskarta duk zanzana, irin ramukan nan da agana ke bari, idonta na hagu kuma ya ɗan shanye. Ba ta da yawan magana. In tana suya takan yi waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, sai wanda ya matso zai ji.

A wani ƙauye kusa da Kwoi aka haife ta. Tana ƙarama agana ta shiga ƙauyen. A al'adar wurin, wanda cutar ta kama akan fitar da shi bayan gari, a yi masa bukka a gindin dutse. Da aka zo ɗaukarta, uwarta ta ce ba za a kai mata 'ya ita kaɗai ba, ta bi su. A cikin bukkar nan uwar ta raɗa mata wani suna dabam da harshensu na Jaba, ta ce kada ta ƙara amsa na gida, don in cutar ta zo nemanta ta rasa ta. Su biyu kaɗai suka san sunan. Yarinyar ta tashi, uwar ta kwanta. Wata safiya ta farka ta ji hannun uwar a kan wuyanta, ya yi sanyi, ya yi nauyi, da ƙyar ta zame daga ƙarƙashinsa. Da ta koma gida kakarta ta soma ce mata Magajiya, sunan kuma ya bi ta.

Ta girma, aka yi mata baftisma tare da wanta Luka. Luka ya koyi aikin kafinta, ya samu aiki a Kaduna, ya aika aka kawo ta. Ɗaki guda ya ba ta a gidan hayar da yake zaune da iyalinsa. Sa'o'inta duk suka yi aure, ita babu wanda ya zo. Har ta wuce shekara talatin, ta cire abin a ranta.

Sai ga Malam Bulus. Makaniki ne a reluwe, majami'arsu ɗaya, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ya soma zuwa sayen ƙosai kullum, alhali hanyar wurin aikinsa ba ta nan ta bi ba. Mutum ne mai sanyi, in yana magana da ita yakan dubi fuskarta sosai, ba ya kau da ido yadda sauran mutane ke yi. Ya je ya sami Luka, magana ta zauna. Ana cikin haka aka sauya masa wurin aiki zuwa Kafanchan, aka ce ya tashi ƙarshen wata. Ya nemi a ɗaura auren kafin nan, su tafi tare. An yi sanarwa a majami'a. Magajiya ta sayi akwatin ƙarfe da kwanuka, takan buɗe ta duba su in ba kowa.

A bazarar nan ce agana ta ɓulla a gari. Masu yi wa mutane lambar rigakafi suka shiga unguwa-unguwa, duba-gari na biye da su. Mutane suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu a ƙuryar ɗaki, amma wari ke tona su. Wanda aka samu sai a sa shi a mota a kai shi can bayan Rafin Guza, inda aka kakkafa bukkokin zana a wani fili. Cikin waɗanda aka ɗauka har da Dije, maƙwabciyarsu, matar Malam Yusha'u akawu. Dije ce ke taya Magajiya surfen wake, su kwana biyu ba su haɗu ba sai ɗaya ta leƙa ɗaya ta katanga.

Malam Yusha'u ya yi sallama ƙofar gidansu da safe, idonsa ja.

Ya ce, "Magajiya, alfarma na zo nema. An ce wanda ya taɓa yin cutar nan ba ya sakewa. Ni an hana ni zuwa, in na je ba zan shiga ofis ba. Ko za ki riƙa kai mata kunu? Iyakarki bakin igiyar da aka gitta a wurin."

Ta ce, "Zan kai, Malam."

Sai ta tashi daga suya take tafiya, don haka kullum da tsakar rana take isa. In ta wuce gidajen ƙarshe na Rafin Guza, sai 'yar siririyar hanya cikin busasshiyar ciyawa. Babu mai bi. A ƙarshenta an ɗaura igiya daga wata tsamiya zuwa wani turke, ga wani faffaɗan dutse inda ake ajiye abinci. Can gaba bukkokin ne a jere, kowace an saya ƙofarta da tabarma.

Mai jinya ɗaya ne a wurin, wani tsohon soja mai ɗingishi da ake kira Baba Audi, shi ma fuskarsa zanzana ce. Ranar farko ya dube ta ya ɗan jima, sannan ya ce, "Ajiye ki koma, 'yata. Wanda ya tsallake igiyar nan, ba zai ga gari ba sai ran da aka ƙone bukkokin. Dokar duba-gari ce."

Abin da ya fi damun Magajiya shirun wurin. Ta san akwai mutane da yawa a bayan tabarmin nan, har da yara, amma ba tari, ba kuka. Ungulaye na zaune a kan tsamiyar, ba sa motsi, sai dai su juyo da kai su bi ta da kallo. In iska ta kaɗo sai ta kawo wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Tun tana yarinya rabonta da shi, amma hancinta bai manta ba.

Wata rana ta isa ba ta ga Baba Audi ba. Ta ajiye kwanon a kan dutse, ta tsaya jira. Rana ta take, ko inuwarta ba ta gani sai a ƙarƙashin ƙafa. Sai ta ji an kira ta.

Ba Magajiya aka ce ba. Sunan nan ne na cikin bukka, da harshensu, da yadda uwarta ke jan ƙarshensa. Muryar mace ce, ba da ƙarfi ba, daga bukkar da ke can gefe ita kaɗai.

Gashin jikinta ya miƙe. Ta tsaya ba ta ko numfashi. Aka sake kira, a hankali, kamar mai kiran ya tabbata tana ji. Tun suna yara an hana su amsa kiran da ba a ga mai yin sa ba. Ta juya, ta kama hanya, ba ta yi gudu ba. Har ta kai gidajen farko tana jin kamar ana kallon bayan wuyanta.

Da yamma ta faɗa wa Luka. Yana fiƙe wata ƙafar kujera, ya ajiye abin aikin.

Ya ce, "Wane suna ne?"

Ta ce, "Ba ka san shi ba, Yaya. Ba wanda ya sani."

Da ta ba shi labarin sunan, sai ya ce, "Inna ta ɓoye ki da sunan nan don kada cutar ta gane ki. To yanzu ga shi an kira ki da shi a wurin. Ni abin da na gani, ta gano ki ne. Kada ki koma. Ki yi aurenki ki bar garin nan."

Luka dattijon majami'a ne, amma haka ya faɗa mata.

Washegari ta je wurin Fasto Dauda, wanda zai ɗaura musu aure. Ta same shi yana ban ruwa ga 'yan tumatirinsa a bayan majami'a. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

Ta ce, "Baba Fasto, muryar wa ce? In Ubangiji ne ke kirana, in sani. In kuma wani abu ne, in sani."

Ya ce, "Ban sani ba, Magajiya. In na ce miki na sani, ƙarya na yi."

"To me zan yi?"

"Me kika gani a wurin, ban da abin da kika ji?"

Ta ce mai jinya mutum ɗaya ne, tsoho, ga mata kwance babu mace ko ɗaya da za ta juya su. Ta ce randunan da ke bakin bukkokin sau da yawa a kife suke.

Ya ce, "Aurenki ba zunubi ba ne, alheri ne Allah ya kawo miki. In kin tafi Kafanchan, Yesu yana can. In kin tsaya, yana nan. Ba tarko ya ɗana miki ba, da za ki ce in kin kuskure hanya ya sake ki. Je ki yi addu'a. Ni ma zan yi."

Ta yi addu'ar. Ta yi a bakin kasko, ta yi a bakin rijiya, ta durƙusa gaban akwatin ƙarfenta ta yi. Ta roƙi alama, ko mafarki ne, ko wata kalma a wa'azin Lahadi. Ba ta ga komai ba. Kunun Dije kuwa ta daina kaiwa, in ta hango Malam Yusha'u sai ta sunkuyar da kai. Shi kuma bai ce mata komai ba, gaisuwa kawai.

Ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aure ta dama kunu ta kama hanya. Ta ce wa kanta ajiyewa kawai za ta yi. Da ta isa ta tarar da kwanuka a kan dutsen, na jiya da na shekaranjiya, ƙudaje sun rufe su, ba wanda ya ɗauka. Can ta hango Baba Audi zaune ya jingina da turken wata bukka, kansa ya langaɓe, zazzaɓi ya kayar da shi. Tsakanin bukkokin da igiya kuma wata mace ce kwance rubda ciki, ta jawo jiki ta nufo dutsen ta gaza. Da zanen kawai Magajiya ta gane Dije ce.

A nan aka sake kiranta, daga bukkar gefe, da sunan nan.

Tsoron bai ragu ba. Ta rufe ido ta ce, "Ya Yesu, ban san mai kiran nan ba. Kai ka san shi. In mutuwa ce, a hannunka nake. In ba ita ba ce, a hannunka nake." Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta shiga. Ungulayen suka ɗan gyara zama.

Ta fara jan Dije zuwa inuwa, ta ba ta kunu da ludayi. Sannan ta nufi bukkar gefe. Ta tsaya a ƙofa, ta amsa da harshensu, ta yaye tabarmar.

Wata mace ce kwance, ƙuraje sun haɗe fuskarta har ba a gane shekarunta, idanunta sun kumbura sun rufe. Kitsonta na Barebari ne. Magajiya ta yi mata magana da harshen Jaba, ba ta nuna ta ji ba. Ta yi da Hausa, sai matar ta motsa leɓe ta faɗi wata kalma da Barbarci, ta buɗe baki. Ruwa take so. Magajiya ta ɗebo ta ɗiga mata. Daga baya Baba Audi ya ce a tashar mota aka tsince ta, ba wanda ya san sunanta ko inda za ta, kuma shi tun da aka kawo ta bai ji ta yi wata magana ba sai neman ruwa.

Duba-gari da ya zo washegari shi ya kai labari gida. Da rana tsaka sai ga Bulus a bakin igiya, da kayan aikinsa a jiki. Ta fito ta tsaya nesa, yadda doka ta ce, sai da suka ɗaga murya suke jin juna.

Ya ce, "Sun ce ba za ki fito ba."

Ta ce, "Sai an gama, Malam."

"Yaushe ke nan?"

"Wataƙila in ruwa ya sauka. Ba wanda ya sani."

Ya dubi bukkokin, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ba ni da kowa a Kafanchan. In na fita aiki, wa zan bar wa yaran? Ƙaramar har yanzu goyo take nema. Ba zan yi miki alkawarin da ban san zan iya riƙewa ba."

Ta ce, "Na sani. Kada ka yi. Ka nema musu uwa."

Sannan ya cire hularsa ya ce su yi addu'a. Daga inda take ba ta jin kalmomin, leɓensa kawai take gani. Da ya gama ta ce amin, ya juya. Ta bi shi da ido har ciyawa ta rufe shi, sannan ta zaga bayan wata bukka ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Wani yaro ya soma nishi a ciki, ta share fuska ta shiga.

Aikin ba shi da iyaka. Ɗiban ruwa daga rafi, dama kunu, juya masu ciwo don kada fatarsu ta manne da tabarma, korar ƙuda da ganyen darbejiya. Baba Audi ya murmure suka raba, shi maza ita mata da yara. In an yi mutuwa sai su kafa sanda da tsumma a bakin igiya, a turo fursunoni su haƙa rami. Musulmi Baba Audi ke yi musu abin da ya sawwaƙa, Kirista ita ke yi musu addu'a. Wanda ba a san addininsa ba sai su tsaya su biyu, kowa ya yi nasa a zuci. Haka suka yi wa Babarbariyar nan, wadda ba ta daɗe ba ta cika.

An share bukkarta, ba a sa kowa ciki ba, tabarmar ƙofar ma an ƙone. Wata rana Magajiya ta taso daga rafi da tulu a ka, ta biyo ta gabanta. Ana ganin cikin bukkar sarai, ƙasa ce kawai da hasken da ke ratsowa ta zana. Daga ciki aka kira sunan, a hankali, kusa da ita ƙwarai.

Ruwan tulun ya fantsalo mata a kafaɗa. Ta tsaya ta gyara tulun. Sannan ta ce, "Na ji. Ina aiki." Ta wuce. Ba ta ƙara jin muryar ba, amma har aka tashi daga wurin ba ta sake bin gaban bukkar ita kaɗai ba.

Dije ta tashi, sai dai ido ɗaya ya tafi. Da ta sami ƙarfi ta karɓi damun kunu. Suna zama su biyu a bakin murhu, Dije na shafa fuskarta tana tambaya ko mijinta zai gane ta. Magajiya ta ce zai gane, ta koya mata yadda ake shafa man kaɗe a tabon don kada ya yi ƙaiƙayi.

Da damina ta kankama motar ta daina kawo mutane. Wata safiya duba-gari suka zo da kananzir. Aka ƙone bukkokin, aka ƙone tufafin kowa. Magajiya ta dawo Doka da sabon zanen da Malam Yusha'u ya aiko musu, iri ɗaya da na Dije.

Ta koma gindin mangwaronta ta kafa kasko. Masinjojin da suka saba tsayawa suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi suna gaishe ta daga can. Ƙosai ya yi ta kwantai har ta haƙura ta bar sana'ar. A majami'a ma sai da aka ɗauki lokaci kafin mata su daina barin fili tsakaninsu da ita a kan benci. A nan ta ji labarin Bulus ya auri wata gwauruwa a Kafanchan, an ce tana riƙe yaran da kyau. Ta yi murna da wannan, kuma ya yi mata ciwo, duka biyun ta faɗa wa Allah ba ta ɓoye ba. Kwanukan ta ba matar Luka. Akwatin ta riƙe.

Malam Yusha'u ne ya yi mata hanya aka ɗauke ta aikin shara da wanki a ɗakin mata na wani asibiti. A nan ta zauna. In aka kawo mai cutar da kowa ke gudu, ita ake kira. Ba ta yi aure ba. Ta kama ɗakinta ita kaɗai a Doka, ta shuka kuɓewa da yakuwa a bayansa, 'ya'yan Luka da na Dije suna yini a wurinta ran Asabar.

A zumuntar mata ba ta cika tashi ba da shaida ba, labarin muryar kuwa mutane kaɗan ta faɗa wa. Ɗaya daga cikinsu Mariya ce, wata malamar makaranta da aka ba gurbin ƙaro karatu a nesa alhali mahaifinta na kwance. Ta zo da yamma ta sami Magajiya tana ɓarar gyaɗa, ta zauna ta zayyana mata damuwarta, ta ji nata labarin.

Mariya ta ce, "To Mama, yaya kika tabbata nufin Allah ne ki shiga?"

Magajiya ta ce, "Ban tabbata ba. Wata rana nakan ce da na bi Malam Bulus, da yanzu ina da gida cike da yara, kuma da Ubangiji bai yi fushi da ni ba. Abin da na sani, da na shiga ban tarar ya bar ni ni kaɗai ba. Ke ma duk wanda kika ɗauka, ba zai bar ki ba."

"Ni dai so nake a ce mini yi kaza."

"Haka ni ma na so."

Ta tura mata ƙwaryar gyaɗar gabanta. Suka ci gaba da ɓara, Mariya na lissafa 'yan'uwan da za su iya zama da tsohon in ta tafi, Magajiya na tambayarta halin kowannensu, har aka kira magariba a masallacin unguwa, Mariya ta tashi ta kakkaɓe zanenta.